Neman shawara: ta ina za mu gyara mujallarmu ta marubuta mata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun buɗe 'yar ƙaramar mujalla a intanet ta gajerun labarai da waƙoƙin mata. Fitowa ta farko PDF muka yi, muka raba a WhatsApp. Sai ga ƙorafi: wasu sun ce ƙ da ɗ sun koma musu 'yan akwatuna, labari ɗaya kuma yana yawo a zauruka an cire sunan mai shi. Yanzu muna karɓar rubutun fitowa ta biyu, wata ta turo shafi 40, wata ta yi fushi don an taɓa mata rubutu. Ta ina za mu kamo bakin zaren?

Anti mai tace rubutu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai shafi 40 ba ta da laifi in sanarwarku ba ta yanka iyaka ba. Ku sa kalma 1,000 zuwa 1,500, ma'aunin da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta sabar wa mata da shi. Yawancin masu turo muku sun saba da littafin da ake saki kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, don haka babin farko za su yanko su ce gajeren labari ne. Alamarsa ba ta ɓuya: shafi biyu na asalin dangi, taurari (mutanen cikin labari) goma, ƙarshe kuma a rataye. Ku faɗa musu tun a sanarwa: matsala ɗaya, mutum biyu ko uku, a warware ta a nan.

Rubutu ya shigo ta imel ɗaya ko Google Forms, a fayil ɗin Word. Ban da hoton takarda, ban da saƙon murya. Ɗaya daga cikinku ta cire sunaye ta sa lamba kafin mutum biyu su karanta, in ba haka ba kara ce za ta zaɓa muku labari.

Shi kuwa gyara, fushin yana zuwa ne in marubuciya ta ga an canza mata jimloli sai bayan an wallafa. Ku yi shi zagaye biyu. Na farko tambayoyi ne a gefen shafi: me ya sa uwar ta sauko haka da sauri? Ina yaron da aka ambata a farko ya shiga? Ita za ta gyara da hannunta, a ba ta mako ɗaya. Na biyu naku ne, ƙa'idojin rubutu zalla: "zata" ya koma "za ta", "yace" ya koma "ya ce", "shine" ya koma "shi ne", "gidan ta" ya haɗe "gidanta". Sannan ta ga kwafin ƙarshe ta ce ta amince.

Malamar Hausa daga Damagaram: Anti ta gama magana, sai ƙari ɗaya. Kada ku daidaita bakin taurari. In tsohuwar Basakkwata ta ce "mi kika yi", a bar mata abinta. Daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce. Kuma mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y. Ku zaɓi ɗaya ku riƙe a duk mujallar.

'Yar kwamfuta: Akwatunan nan daga samfurin haruffa ne, wato font. Yawancin masu ado, irin na kanun labari, ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Ku koma Noto Serif ko Charis SIL, kyauta ne. Wajen fitar da PDF ku tabbatar haruffan sun shiga cikin fayil ɗin, ku gwada a tsohuwar waya kafin ku saki. Masu rubuta k', d', b' kuwa, a Word za ku nema ku maye gurbinsu, manya daban ƙanana daban, amma ku bi ɗaya-ɗaya, don alamar rufe zance na iya shiga ciki. Shafi ya zama A5, girman rubutu 14, don A4 sai an yi ta jan allo. Nauyin kada ya wuce 2MB saboda data.

Hajiya mai shagon littattafai: Ni dai ban ga dalilin PDF ba. Da zarar ya fita ya fita, ba ku san wa ya karanta ba. Ku buɗe shafi a Blogger ko WordPress, kowane labari da adireshinsa da ranar wallafa, WhatsApp kuma ku tura sakin layi na farko da mahaɗa kawai.

'Yar kwamfuta: Hajiya, ai shafin ma ana kwafewa. Amfaninsa ranar ce, ita ce hujja. A yi duka biyun: shafin intanet tukuna, PDF bayan mako biyu, da sunan marubuciya a saman kowane shafi.

Lauya a cikinku: A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, rubutu na mai shi ne tun daga lokacin da ta rubuta shi, ko ba ta yi rajista ba. Ku rubuta yarjejeniya 'yar gajera: mallaka tata ce, ku kuna da izinin fara wallafawa, kada ta kai wani wuri sai bayan wata uku. Ku kuma sanar da ita cewa yawancin gasanni ba sa karɓar abin da aka taɓa wallafawa, kada ta ba ku wanda take tanadi.

Abin da ya fi kawo rigima shi ne labarin kishiya, saki ko fyaɗe da aka ɗauko daga gidan gaske. Ku tambayi marubuciyar kai tsaye. In da gaske ya faru, a canza suna, gari, sana'a da yawan 'ya'ya. Ku yarda da sunan alƙalami, sunanta na ainihi ya tsaya wurin edita kaɗai. Lambar waya da hoto kuwa kada su fita sai ta nema a rubuce.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Mai shafi 40 ɗin fa, mu mayar mata?

Anti mai tace rubutu: Kada ku mayar haka kawai. Ku nemo wurin da rikicin ya fi zafi, ku nuna mata shafin, ku ce ta fara daga nan ta gina kalma 1,500. In bai samu shiga wannan fitowar ba, ku ba ta gurbi a ta uku.