Tuna mafarki kafin koyon mafarkin sane

Da muka tattauna kan mafarkin sane, wato wanda mutum ke gane cewa mafarki yake yi tun yana cikinsa, kusan kowa ya yarda cewa tuna mafarki ne matakin farko. Wanda ba ya tunawa, ko ya yi mafarkin sane, gari na wayewa ya ɓace masa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce ajiye littafi da biro kusa da matashi. Da ka farka, kada ka motsa, kada ka taɓa waya. Ka bi mafarkin a zuci daga ƙarshensa zuwa farko, sannan ka rubuta, ko da fuska ɗaya ce ko wata fargaba da ta rage. A ganina wannan shirun ya fi rubutun kansa muhimmanci, domin mafarki kan gushe cikin 'yan mintuna.

Wasu sun ja hankali kan barci. Yana zagayawa kusan kowane minti 90, kuma zangon REM (lokacin da idanu ke motsi da sauri cikin barci), inda mafarki ya fi fitowa fili, ya fi tsawo gab da asuba. Mai barcin awa 5 yana yanke wannan ɓangaren.

Bayan 'yan makonni, duba littafin. Abubuwan da ke maimaituwa su ne alamomin da za su ankarar da kai cikin mafarki.