Ya kuka yi kansilanku ya shigo zaure kuma ya zauna? A ba mu labari

Mai buɗe zance, admin ɗin zauren unguwa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa gwada wannan abin nake so su ba mu labarin yadda ta kaya da su. Muna da zauren WhatsApp na unguwa, mun haura mutum 400, nan ake kawo maganar kwatar da ta toshe, da shara, da fitilun titi da suka mutu, da famfon da ya lalace, duk dai. Damuwata ita ce mu ke kiɗanmu mu ke rawarmu, wanda zai iya ɗaukar maganar ya kai ta inda za a yi aiki ba ya ciki. Sau biyu ina saka kansilanmu, na farko kwana uku ya yi ya fice ko sallama babu, na biyu bai fita ba amma ko ɗigo bai taɓa rubutawa ba, kana ganin alamar ya karanta amma shiru. Ni wlh ba so nake a tara masa jama'a a zage shi ba, so nake ya riƙa ji daga bakinmu mu ma mu ji daga bakinsa. Wanda ya taɓa cin nasara ko ya sha ƙasa duk ya faɗa mana.

Tsohon sakataren ƙungiyar matasa:
Wa alaikumus salam. Malam kuskuren farko da ka yi shi ne wanda mu ma muka yi, wato jefa shi ciki ba tare da ka tambaye shi ba. Mutum ya tashi da safe ya ga saƙo 300 a wayarsa rabi duk sunansa ake kira, ai ko kai ne sai ka gudu. Mu da namu ya fita sai muka tashi mutum uku muka same shi ido da ido, zuwa da kai ya fi aike, muka tafi da takarda shafi ɗaya tak mai ɗauke da dokokin zauren, muka ce masa ba kullum muke son sa ba, awa ɗaya muke roƙo a wata, ranar da shi ya zaɓa. Tambayoyi biyar za mu turo masa kwana uku kafin ranar don ya bincika, kar ya zo ya yi ta kame-kame. A cikin awar nan muna kulle zauren, admin kaɗai ke iya turawa, shi ma mu ba shi admin na wannan lokacin, in ya gama amsa biyar ɗin sai a buɗe minti 20 na ƙarin bayani. Ya zo sau bakwai a jere kafin wa'adinsa ya ƙare. Ba duk abin da muka nema aka yi ba fa, kar in yi maka ƙarya, amma dai mun daina rayuwa a kan jita-jita.

Malamar firamare:
Ni abin da zan ƙara, ku kula da su waye ke samun damar magana in ya zo. A namu zauren mata mun kusa rabi amma ranar farko da ciyaman ya shigo mutum shida ne maza suka cinye lokacin gaba ɗaya, kowa da saƙon murya na minti huɗu minti biyar, sai an gama doguwar gaisuwa da kirari kafin a zo kan magana. Tambayar da muka shirya a kan banɗakin makaranta da ya rushe ta nutse can sama ba wanda ya gani, na ji zafin abin sosai don yaran nan ni nake ganin wahalarsu kullum. Daga baya muka ce a riƙa jefa ƙuri'a, tunda WhatsApp ya kawo wannan tsarin tun 2022, kowa ya kawo tambaya a jera su a zaɓa, wacce ta fi ƙuri'a ita ce ta farko. Banɗakin ne ya zo na ɗaya, da rata ma. Ashe mutane da yawa abin na damunsu, bakin magana ne ba su da shi a gaban manya. Kuma saƙon murya muka ce kar ya wuce minti ɗaya, ba mu hana shi ba saboda akwai iyayenmu da rubutu ke musu wuya.

Tsohon kansila:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don na yi kansila zango ɗaya kuma an saka ni a zauruka sun fi ashirin, a ɗaya kawai na zauna har na sauka. Ba girman kai ba ne yake fitar da mu, aƙalla ni dai ba shi ba ne. Abu na farko, da zarar lambarka ta bayyana a zaure to a daren nan za ka samu saƙo ta bayan fage ya fi hamsin, wannan matarsa na asibiti, wannan kuɗin makaranta, wannan aiki yake nema wa ƙaninsa, kuma wlh yawancinsu gaskiya suke faɗa, amma kai ba ka da shi, in ka yi shiru gobe shi ne zai fara jifanka a cikin zauren. Na biyu, hoton allo, wato a ɗauki hoton saƙonka daga fuskar waya. Ka rubuta layi biyar ka yi bayani da sharaɗi, a yanke layi ɗaya a yaɗa, kafin azahar an kira ka daga sama ana tambayarka wa ya sa ka faɗi haka. Na uku kuma shi ya fi ci min rai, mutane ba su san iyakar ikon kansila ba. Za a tsare ka a kan babbar hanya ko wutar lantarki, abubuwan da ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumi a kai, in ka ce ba huruminka ba ne a ce ka fara zillewa, in ka ce za ka duba a rubuta cewa ka yi alkawari.

Zauren da na zauna ɗin, admin ɗinsu wani dattijo ne mai haƙuri, tun kafin in shiga ya rubuta ya maƙala a sama cewa ga abin da ke hannun kansila, ga na ciyaman, ga wanda sai an je sama. In aka yi min tambayar da ba tawa ba shi da kansa zai ce wannan ba ta Honarabul ba ce amma muna roƙon ya faɗa mana ofishin da za mu rubuta wa, sai in faɗa, wani lokacin ma in raka su. Kuma duk wanda ya bi ni ta bayan fage da roƙo in na sanar da shi zai ja masa kunne a asirce ba tare da tozarci ba. A zauren nan an soke ni, an ce min aikin kwalbatin da na kawo ba shi da inganci kuma da na je na duba gaskiyarsu ce, ban ji haushi ba don da hoto suka zo ba da zagin iyaye ba. Har yau ina cikinsa.

Ɗalibi ɗan aji huɗu:
Ranka ya daɗe na ji bayaninka kuma na girmama shi, amma gaskiya ni ban yarda a ce sai mun lallaɓa wanda muka zaɓa kamar ƙwai ba. Lokacin kamfen ai ba wanda ya kai masa takardar dokoki, da kansa ya nemi a saka shi a kowane zaure, har ƙarfe ɗayan dare yana amsa saƙo. Namu mun bi shi ta lalama wata huɗu bai kula mu ba. Abin da ya yi aiki shi ne muka buɗe jadawali a shafinmu na Facebook, kowace tambaya da ranar da aka aika masa da kwana nawa ta yi ba amsa, ba zagi ba ƙari, duk Juma'a mu sabunta. Da ta kai tambaya tara, ta farkon ta yi kwana 60, wanda ke shirin neman kujerarsa ya fara shigowa yana amsa wa mutane a ƙasan rubutun, a satin nan namu ya bayyana. Don haka a haɗa biyun, a buɗe masa ƙofa da mutunci amma ya san shirun ma ana lissafa shi.

Tsohon kansila:
Ɗana ban musa maka ba, jadawalin nan ni ma da an yi min shi da na amsa da wuri. Roƙona ɗaya, ranar da ya amsa ko ya yi aikin a rubuta shi a wurin da girman da aka rubuta shirun.

Wani ɗan'uwa da ya yi karatu a waje:
Na zauna a Ingila shekara biyu kuma abin da na gani ya canza min tunani a kan wannan. Akwai wani shafi FixMyStreet da aka buɗe tun 2007, za ka ɗauki hoton rami ko fitilar da ta mutu ka nuna wurin a taswira, shafin ya tura wa hukumar da abin ke hannunta, kuma rahoton na nan a fili kowa na gani da kwanan wata. Na gwada da wani rami a layinmu, maƙwabta biyu suka ƙara bayani a ƙasa, bayan an cike shi aka sa alamar an gyara. Abin da na lura shi ne ba a tsaya jiran wani babba ya shigo hira ba, an gina hanyar da magana za ta isa teburinsa ko yana so ko ba ya so. A Reykjavik babban birnin Iceland ma tun 2010 suke da dandalin da mazauna ke kawo shawara a yi muhawara a kai, hukumar birnin ta ɗauki nauyin duba waɗanda suka fi samun goyon baya duk wata. To mu ko ba mu da irin wannan manhajar za mu iya kwaikwayon dabarar, duk abin da aka tattauna a zaure a taƙaita shi a takarda a kai ofis a sa hannu an karɓa, a ɗauki hoton a dawo da shi zauren. Hira ita kaɗai iska ce, sabbin saƙonni ke binne ta.

Wani abu kuma, wani lokacin doka ce ke sa su ɗari-ɗari. A jihohin Amurka akwai dokokin da suka ce zaman majalisar gari dole a yi shi a fili da sanarwa, shi ya sa in mafi yawan kansiloli suka haɗu suna tattauna aikin hukuma a zaure ɗaya na intanet ana iya ɗaukarsa zaman ɓoye, sai su riƙa gudun amsa wa juna. Kuma a watan Maris 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta yi hukunci a kan jami'an da ke toshe mutane a shafukansu, ta ce in jami'i na da ikon magana da yawun hukuma kuma da wannan ikon yake rubutun, to toshe mai suka na iya zama tauye masa haƙƙi. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma yana da kyau ku tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da ya ɗaure masa hannu.

Mai riƙe wa wani ɗan majalisa waya a da:
Ni shekara biyu ina wannan aikin, bari in faɗa muku gaskiya, kaso mafi yawa na amsar da kuke gani da sunan mai gida mu ne muke rubutawa. Ba laifi ba ne in an faɗa, laifin shi ne a ɓoye. Wani zaure sun gane, suka ce daga yau in ni ne in rubuta sunan muƙamina a ƙasa, in shi ne ya yi saƙon murya ko bidiyo ko na minti ɗaya ne, kuma hakan ya taimake ni don na samu hujjar da zan tsare shi in ce ranka ya daɗe wannan sai da muryarka. Ku nemi irinmu ku riƙe mu da kyau, mu ke tuna masa. Amma ku yi hattara da sojojin baka, ranar da zai shigo akan turo mutum goma sha su cika wurin da jinjina da addu'a har lokaci ya ƙare ba a yi tambaya ko ɗaya ba. Ku rufe karɓar sabbin mambobi kwana biyu kafin ranar, akwai wurin da admin ke amincewa kafin mutum ya shiga, ku kunna shi.

Uwar marayu:
Namu labarin ba daɗi. Ya shigo, ya zauna, har muna murna, ashe zauren ne zai tafi. Cikin wata uku babban admin ɗinmu ya samu ɗan muƙami a wurinsa, daga nan duk wanda ya kawo ƙorafi sai ka ga an goge saƙon, tunda admin na iya goge na kowa, in ka yi magana a ce kana kawo siyasa. Ni da na tambayi inda aka kwana a maganar ɗakin shan magani da aka ce za a gyara, cire ni aka yi da daddare, na yi kuka ranar don ni na saka mata sun fi talatin a ciki da hannuna. Yanzu zauren na nan amma hotunan taro kawai ake turawa. In za ku fara, ku sa admin aƙalla uku waɗanda ba jam'iyyarsu ɗaya ba, da mace a ciki, kuma ku rubuta tun yau cewa duk admin ɗin da ya karɓi muƙami ko ya fito takara zai sauka. Mu ba mu rubuta ba.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, maganarki ta sa tun daren nan na kira mutum biyu da za mu ƙara a admin, ɗaya malamar asibiti ce ɗaya kuma ba ma ra'ayinmu ɗaya da shi a siyasa ba. Ranar Asabar za mu je mu same shi mu uku da takardar dokokin, awa ɗaya a wata za mu roƙa, jadawalin kuma za mu fara shi daga tambayar farko. Saura abu ɗaya, Honarabul, maganar lambar waya, ya za mu yi da masu binsa ta bayan fage tunda a zaure kowa na ganin lambar kowa?

Tsohon kansila:
Ku ce ya sayi layi na daban don wannan kawai, ya shiga da shi, wayar ta zauna a hannun mataimakinsa sai ranar zaman. Kuma ku kai masa jerin abin da ke huruminsa ya duba ya gyara da hannunsa kafin ku maƙala, in ya sa hannu a kai ba zai zo gobe ya ce kwatar nan ba tasa ba ce.