Neman kalmar Hausa: "immunodeficiency" ta fi ƙarfin "karyewar garkuwa"

1/ 'Yan'uwa masu fassara labaran lafiya, mu ɗan tsaya kan kalmar nan ta "immunodeficiency", wato gazawar garkuwar jiki wajen yaƙar cuta. Da mun gan ta sai mu rubuta "karyewar garkuwar jiki", mai karatu kuwa da ya ji an ce karya garkuwa, ƙanjamau ce ke faɗo masa a rai.

2/ Sai abu yana tsaye ake karya shi. Haka HIV ke yi: ta tarar da garkuwa lafiya lau, ta bi ƙwayoyin CD4, masu taimaka wa jiki yaƙar cuta, tana kashewa. To, jaririn da aka haifa babu garkuwar tun farko fa, kamar masu cutar SCID? David Vetter na Texas, wanda aka haifa a 1971, cikin killataccen tantin roba ya yi kusan dukan rayuwarsa, har ya rasu a 1984. Babu abin da aka karya masa. Kuma zalunci ne fassararmu ta jawo wa iyayen irin wannan yaro zargin cutar da ba su da ita.

3/ Haka ɓerayen bincike. A 1983 Melvin Bosma da abokan aikinsa a cibiyar Fox Chase ta Filadelfiya suka bayyana wasu ɓeraye marasa ƙwayoyin garkuwa na T da B masu aiki. Da yake jikinsu ba ya korar baƙon abu, tun 1988 ake dasa musu ƙwayoyin garkuwar ɗan Adam don nazarin HIV, wadda ba ta kama ɓeran da ba a yi wa dashe ba. A jimla guda ke nan ga matsalar garkuwa ta haihuwa, ga ta cuta. Kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

4/ Shawarata: "naƙasar garkuwar jiki" ta zama uwa. Ƙarƙashinta akwai naƙasar garkuwa ta haihuwa, sai karyewar garkuwa ga wadda cuta ko maganin ciwon daji ya jawo. Na ƙi "ƙarancin garkuwa" ne saboda wani lokacin ƙwayoyin suna nan da yawansu, aikin ne ba sa iyawa.

5/ Sai "telemetry", da ke yawan fitowa a irin wannan bincike. Zuciyar ɓera na bugawa sau 500 zuwa 700 a minti. Ka kama shi, tsoro ya canza bugun. Ka ba shi maganin barci, bugun ya sauka. Shi ya sa ake dasa masa 'yar na'ura a jiki, tana aika awon ta iska yana yawonsa. Ni dai "awon nesa" nake cewa: "an yi wa ɓeraye masu naƙasar garkuwa awon nesa na zuciya."

6/ Likitoci da ma'aikatan jinya, ku ne ke gaban marasa lafiya. Idan aka ce wa uwa ɗanta na da naƙasar garkuwa, kalmar za ta yi mata nauyi a kunne? In za ta yi, ku kawo wadda ta fi ta.