Neman shawara: mitar gudun tsohon babur ɗina ta cinye waya biyu

Mai tambaya, daga Agege

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan babur ɗin da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wato Honda CD175 mai silinda biyu, wanda ya saya sabo a 1976 ya yi shekaru yana zirga-zirga da shi a ƙasar Funtuwa. Bara aka ɗoro mini shi a motar shanu zuwa Legas, aka gyara injin, yanzu bugu ɗaya yake tashi. Ba haya nake yi da shi ba, masallacin Juma'a da zumunci a cikin unguwa kawai nake zuwa da shi.

Abin da ya dame ni shi ne mitar gudu, wadda ke zaune a cikin kwanon fitilar gaba. Da farko allurarta ta fara rawa tsakanin 20 da 50 alhali gudu ɗaya nake yi, tare da wani ƙara siriri kamar kukan gyare. Bayan mako uku allurar ta kwanta, lambobin kilomita su ma suka tsaya. Bakanikena ya zare wayar da ke juya mitar ya tarar ta tsinke, ya sa sabuwa, amma kwana tara kacal ta yi ita ma ta tsinke. Yanzu ya ce in jefar da mitar in sayi sabuwa. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin lambobin da ke jikinta tafiye-tafiyen mahaifina ne. Kafin matsalar ta fara, mai faci ya taɓa cire ƙafar gaba ya sauya taya, kuma da damina na sha ratsa ruwan da ya kwanta a layinmu. Daga ina ya kamata in fara bincike?

Bakanike, daga Mile 12

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka sake sayen waya sai ka gano abin da ke cinye ta, domin waya ba ta tsinkewa sau biyu a banza. Mitar irin wannan babur ba ruwanta da batir, ƙafar gaba ce ke juya ta, kuma abubuwa uku ne a jere: ƙaramar giya da ke cikin farantin birkin gaba, wayar da ke juyawa a cikin rigarta, sai kan mitar. Daga ƙasa ake farawa, saboda nan ne binciken ba ya cin kuɗi.

Ka ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, wani ya danne baya har ƙafar gaba ta bar ƙasa. Ka kwance sukurun da ke riƙe da wayar a jikin farantin, ka zare ta, sannan ka juya ƙafar da hannu kana leƙa ramin. Za ka ga wani ɗan harshen ƙarfe a ciki, wanda ya kamata ya juya kusan sau biyu da rabi duk lokacin da taya ta zagaya sau ɗaya. Idan bai motsa ba, ko yana yi yana tsayawa, to zancen mai faci ya taso, domin giyar tana da kunnuwa biyu da dole su faɗa cikin gurbinsu a cibiyar ƙafa, kuma yaran da ba su saba da tsofaffin babura ba sukan ɗaure noti da ƙarfi kunnuwan ba su zauna ba, sai su lanƙwashe. Ka kuma bi hanyar wayar da ido, ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka ga ko tana ɗamewa ko ta yi gwiwa a wani wuri. Wayar da ta gaza tsawo ba ta daɗewa, haka ma wadda aka matse da ɗauri.

Dattijo, tsohon mai gyaran agogo da mitoci, daga Obalende

Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Oga bakanike na Mile 12 ya faɗi daidai, ka bi tsarinsa, amma ni zargina ya fi karkata ga kan mitar, kuma bari in gaya maka dalili. Giyar da kunnuwanta suka lanƙwashe takan bar waya ta zauna shiru, ba ta karya ta. Abin da ke karya waya shi ne ƙasa tana murzawa, sama ta ƙi juyawa.

A cikin kan mitar, wayar tana juya wani maganaɗisu ne, shi kuma yana juyawa a cikin ɗan kofin alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba. Jujjuyawarsa ke jan kofin, allura tana kafe a kan kofin, sannan akwai wani sifirin mai laushi kamar gashi da ke mayar da ita sifili. Daga wannan sanda ɗaya da ke ɗauke da maganaɗisun wasu ƙananan giyoyi suke karɓa su juya lambobin kilomita. Shi ya sa lambobin suke zama shaida: idan suna tafiya allura ta kwanta, ciwon yana wajen kofi ko sifirin, idan kuwa duka biyun sun tsaya tare, to juyawar ce ba ta isa ciki ba, ko ta isa ta tarar da sandar a cije. Giris ɗin da aka sa a kamfani kusan shekara hamsin da suka wuce ya bushe ya zama kamar ƙaro, ƙurar Arewa ta shiga ta zauna, sannan ka kawo shi Ikko inda danshi da iskar teku ke haifar da tsatsa. Kukan gyaren da ka ji, a ganina, wuyan mitar ne, wato inda wayar ke shiga, yake neman mai, rawar allura kuma wayar ce ke murɗewa tana sakewa kafin ta gaji.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗauki guntun saman tsohuwar wayar mai kusurwa huɗu, ka zura shi a wuyan mitar ka murza da yatsu biyu. Mai lafiya tana juyawa sumul, har allura ta ɗan zabura. Idan ka ji tauri, kada ka sa filaya.

Wani matashi, daga Alaba Rago

Yallaɓai, da girmamawa ga dattawa, ni ina ganin wahalar ta fi ribar yawa. Sabuwar mita tana nan a kasuwa da araha, kuma ko babu ita, akwai manhajojin wayar salula da ke nuna gudu ta GPS. Ka ajiye tsohuwar a gida don tunawa, ka huta.

Wani malamin makarantar koyon sana'a, daga Idi-Araba

Ƙanina na Alaba Rago ya kawo abu mai amfani, wato manhajar GPS, sai dai amfaninta a nan shi ne auna gaskiyar mitar bayan an gyara ta. Sabuwar mita kuwa ba a saye ta da ka. Yawancin baburan Japan na wancan zamani an tsara su ne a kan cewa idan waya ta juya sau 1400 a minti ɗaya, allura ta nuna kilomita 60 a awa, wato juyi 1400 a kowace kilomita, kuma waɗanda ke ƙirga mil akan rubuta musu 2240 a kan mil 60. Sau da yawa ana samun wannan lamba da ƙananan baƙaƙe a fuskar mitar ko a bayanta. Wanda ya ɗaura mitar da lissafinta ya bambanta zai ga allura tana tafiya lafiya lau, amma ƙarya take yi masa. Ban da haka, ta CD175 an yi ta ne daidai ramin kwanon fitila, kuma wutar babur ɗin volt 6 ce, don haka ko ƙwan da ke haska fuskar sabuwar sai an sauya shi.

Tunda an sauya taya, Malam ya duba lambar da ke gefenta ya gwada da ta asali, domin taya mai tsayi tana sa mita ta nuna ƙasa da ainihin gudu, gajeriya kuma ta nuna sama da shi. Wannan ba ya tsinka waya, amma zai bayyana a ranar gwaji. Game da gwajin kuma, a yi hattara da inda za a yi shi. Injin CD175 cc 174 ne, dokar hanya ta Jihar Legas tun daga 2012 ta hana babur da bai kai cc 200 ba hawa manyan tituna, sannan daga 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da Agege. Mai kama babur a titi ba lallai ya tsaya sauraron cewa naka na gado ne ba na haya ba.

Mai tambaya, daga Agege

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan La'asar muka yi gwajin duka. Harshen ƙarfen da ke ƙasa yana juyawa daidai, saboda haka na wanke mai faci daga zargi, Allah Ya yafe mini. Amma mun gano abu biyu. Bakanikena wayar ciki kawai ya sauya ya bar tsohuwar riga, wadda da muka zuba mata kananzir sai jan ruwan tsatsa ya fito. Wuyan mitar kuma, kamar yadda Baba ya faɗa, da ƙyar yake juyawa. Baba, shin sai an buɗe ta, ko akwai dabara daga waje?

Dattijo, daga Obalende

Kada ka buɗe tukuna, ɗana. Zoben da ke riƙe da gilashin matse shi aka yi a kamfani, ɗaga shi sai a hankali da ƙaramin sukundireba, kuma wanda bai saba ba yakan fasa gilashi ko ya taɓa sifirin ɗin, wanda idan ya lanƙwashe mitar ba za ta ƙara faɗin gaskiya ba. Ka cire mitar daga kwanon, ka kwantar da ita a gefenta, ka ɗiga ɗigo biyu na man sassauta tsatsa a bakin wuyan, ka murza da guntun waya, ka goge baƙin da ya fito, ka maimaita na kwana biyu ko uku. Kada ka fesa mai da yawa, kuma kada ka kifa ta a kan fuskarta ka bar ta, don kada man ya gangara kan kofi da lambobi. Idan ta saki, ka bi da ɗigo ɗaya na man keken ɗinki.

Waya kuwa ka saya da rigarta, ka tafi da tsohuwar kasuwa a gwada tsawo da bakuna biyun. Idan ba a samu a Legas ba, a tambaya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda kayan tsofaffin babura ke ɓuya. Ka zare ta ciki ka shafa mata giris kaɗan, amma ka bar kamar tsawon tafin hannu daga sama babu komai, domin juyawar waya tana tura giris sama ya shiga mita. Notin sama da yatsu ake ɗaure shi. In bayan kwana uku wuyan bai saki ba, to sai buɗewa, kuma wannan aikin mai gyaran agogo ne, ba na gareji ba.

Mai tambaya, daga Agege

Alhamdu lillahi, Baba. A rana ta uku wuyan ya saki. Kafin mu mayar da mitar mun haɗa ta da sabuwar waya muka juya da injin huda a hankali, da farko allura ba ta motsa ba, da muka sauya wa injin hannu sai ta tashi ta tsaya cak babu rawa. Da safiyar yau na gwada a cikin unguwa, mitar tana nuna 40 manhaja tana nuna 37, kukan gyaren ya ɓace, lambobin kuma sun ci gaba daga inda suka tsaya. Malam na Idi-Araba, wannan bambanci na uku yana buƙatar gyara?

Malamin makarantar koyon sana'a, daga Idi-Araba

A'a, Malam, ka bar ta haka. Mitocin babura da yawa sukan ɗan ƙara a kan ainihin gudu tun suna sababbi, kuma daidaita wannan sai an buɗe an taɓa allura. Abin da za ka kula da shi shi ne bayan kowace damina ka zare wayar ka wanke ta da kananzir, ka busar, ka sake shafa mata giris, kuma duk ranar da za a cire ƙafar gaba ka tsaya a wurin har ka ga kunnuwan giyar sun zauna kafin a ɗaure noti.