Wace DAC zan saya wa tsohuwar amfilifayata?

Mai Tsohon Kaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Amfilifayata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kafar RCA kaɗai gare ta, irin ta wayar nan mai kai ja da fari. In na jona ta da kwamfuta, sai wani "zzzz" ya riƙa fita a lasifika, har ƙaruwa yake idan na motsa linzamin kwamfutar. An ce in sayi DAC, wato na'urar da ke mai da bayanan kwamfuta na lambobi su koma sautin da amfilifaya ke karɓa. Mai 32-bit/384 kHz (lambobin da ke nuna ingancin sauti) zan nema?

Kunnen Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Malam, kada manyan lambobi su ruɗe ka, faifan CD ma 16-bit/44.1 kHz ne, kuma ya wadaci kunne. Ƙarar nan daga wutar kwamfutar take. Ko ka jona DAC ta USB ma tana iya biyo ka, ni haka na sha. Nemi DAC mai kafar Toslink, wato kafar haske: haske ke ɗaukar saƙon, babu ƙarfen da wuta za ta bi.

Baba Injiniya:
Gaskiyarsa. Amma ka duba ko kwamfutarka na da kafar hasken, yawancin na zamani babu. In da talabijin za ka haɗa, shiga saitinsa ka mai da tsarin sautinsa PCM, wato sauti tsagwaronsa, don ƙananan DAC ba sa karanta tsarin sautin fim na Dolby Digital, shiru za ka ji ko shuuu.

Mai Tsohon Kaya:
Na leƙa bayanta, akwai, jan haske na ƙyaftawa. Na gode, Baba.