Adashin da Ba a Kwasa: Musayar Waƙa Kan Inshorar Lafiya a Amurka

Mai Tasi, daga Bronx:

Assalamu alaikum. Tun ranar 4 ga Disamba, 2024, da aka harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a ƙofar wani otal a Manhattan, aka kuma kama wani matashi a jihar Pennsylvania bayan kwana 5 ana tuhumarsa da kisan, da wuya in ɗauki fasinja bai kawo zancen inshora ba, kuma kowa da nasa ƙorafin. Ga nawa a ƙwar biyu, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Shi ne Mai jarraba bawa, Mai warkarwa.

Salati ga Manzo da alayensa,
Da sahabbai da masu bin su da kyautatawa.

Adashi muke zubawa a Amurka,
Duk wata, ba fashi kuma ba ragewa.

Uwar adashin tana da benaye,
Ranar zubi bakinta sai washewa.

Ranar da ciwo ya kayar da kai,
Ka zo kwasa, sai ka ga tana noƙewa.

Likita ya duba bayan matata,
Ya rubuta hoto, ya ce ban da daɗewa.

Kamfani ya ce sai ya ba da izini,
Wanda bai taɓa ganin ta ba shi ke yankewa.

Wasiƙa ta zo da hatimi mai kyau,
Wai hoton ba shi da wata buƙatuwa.

Na buga waya, na'ura ta amsa,
Ta sa mini kiɗa har rana ta kusa faɗuwa.

Kuma ko sun yarda da sauran aiki,
Dubban daloli na farko daga aljihunka ke fitowa.

Ban yi murna da jinin kowa ba,
Uban 'ya'ya biyu aka kashe, ba abin yabawa.

Amma ku gaya mini, 'yan uwa,
Me ya sa dubban mutane suka kasa tausayawa?

Ma'aikaciyar Jinya, daga Houston:

Wa alaikumus salam, Yaya, Allah Ya ba uwargida lafiya. Kafin baitocina ga abin da ya kamata mu riƙe: a shekarar 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a harkar lafiya, wato kashi 17.6 cikin ɗari na duk abin da tattalin arzikinta ya samar, amma duk da haka mutane kusan miliyan 26 ba su da inshora ko kaɗan. Zan bi amsa-amonka.

Yaya, kukanka ba naka ne kai kaɗai ba,
A ɗakin jinya kullum muna shaidawa.

Na ga dattijo mai ciwon sukari
Yana rage allurarsa don ta ƙara daɗewa.

Alhali masanan da suka gano insulin,
A 1923 dala ɗai-ɗai suka karɓa wajen sayarwa.

Suka miƙa haƙƙinsa ga Jami'ar Toronto,
Don kada talaka ya rasa abin riƙe rayuwa.

Na ga mace da ciwon ƙirji tana roƙo
Kada a kira motar asibiti, lissafin take guje wa.

Kafar labarai ta ProPublica ta ruwaito a 2023
Yadda likitocin kamfanin inshora na Cigna ke sa hannun ƙin amincewa:

Takardun neman biya sama da 300,000 a wata biyu,
Kowace daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, ba ko buɗewa.

Mu kuwa muna maƙale da waya muna roƙo,
Majinyaci na kan gado yana ta karkarwa.

Kisa kisa ne, shari'a ta yi aikinta,
Amma ƙin biya ma yana kai mutum kushewa.

Shawarata, kada wasiƙar ta zama ƙarshe,
Ka ɗaukaka ƙara, likita ya rubuta shaida mai gamsarwa.

A kasuwar inshora ta gwamnati, inji cibiyar KFF,
Kusan takarda ɗaya cikin biyar ake mayarwa.

Masu ƙalubalanta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba,
Gajiyar mutane ita ce ribar da ake tarawa.

A Medicare Advantage, inshorar tsofaffi ta gwamnati da kamfanoni ke gudanarwa, waɗanda suka yi jayayya,
Fiye da 8 cikin 10 hukuncinsu ake sokewa.

Akanta, daga Chicago:

Na san za a ce na zo kare uwar adashi, amma sana'ata lissafi ce, kuma adalci ya wajaba ko a kan wanda ake fushi da shi. Na sauya amsa-amo.

Hajiya, na ji, ban musa miki ba,
Amma rabin zance bai zama zance ba.

UnitedHealth, kamfanin da ya mallaki UnitedHealthcare, ya tara dala biliyan 371 a 2023,
Ribar biliyan 22 ce, ba ta kai kashi 7 cikin ɗari ba.

Dokar Obama ta ce kashi 80 ko 85 na zubi
A kashe shi kan jinya, ba a sakar musu mara ba.

Ko an ƙwace ribar duka an rarraba,
Ba za ta rage nauyin tiriliyoyin nan sosai ba.

Kusan kashi ɗaya cikin uku asibitoci ke karɓa,
Su kuwa ban ji kun sa su a waƙa ba.

Wa ya yanka farashin kwana ɗaya a gado?
Ai ba mai inshora ne ya rubuta ba.

Masu magani suna tsuga kuɗi a ƙasar nan
Irin wanda ba za su iya tsugawa a Kanada ba.

In kamfani ya biya duk takardar da aka kawo,
Zubin wata ba zai tsaya inda yake ba.

Ban ce hannunsu a wanke yake ba,
Cewa na yi ba su kaɗai suka ci ba.

Ɗalibi, daga Minneapolis:

Kawu, da girmamawa nake magana. Lissafinka daidai ne, sai dai akwai shafin da ka tsallake.

Kawu, kashi 6 ka kira shi ƙarami,
Biliyan 22 ce fa, a shekara ɗaya.

Dokar kashi 80 da ka kafa hujja da ita,
Ita ta koya musu wata sabuwar hanya.

In rabonka kaso ne na abin da aka kashe,
To tsadar jinya ta zame maka abokiyar tafiya.

Kamfanin da ka ambata shi ne mai Optum,
Da likitoci, da dillancin magani, da wuraren jinya.

Hannun dama ya biya hannun hagu,
A rubuta cewa an kashe a kan marasa lafiya.

Ka tuna Anthem, mai sayar da inshora, ta so ta ƙayyade mintocin
Sa barci a tiyata waɗanda za ta biya.

Jama'a suka yi ca, ta janye ranar 5 ga Disamba, 2024,
Ashe suna da kunne, abin da babu ita ce kunya.

Kotun Ƙoli a 2010 ta buɗe ƙofa
Kamfani ya zuba kuɗi a harkar zaɓe ba ƙidaya.

Sanata Bernie Sanders ya ce a ba kowa Medicare, inshorar gwamnati,
A 2016 da 2020 zaɓen fid da gwani ya bar shi a baya.

Ni na daina sa rai da Washington,
Jam'iyyu biyu ne, mai ba su kuɗi ɗaya.

Dattijo, tsohon malamin tarihi:

'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Wanda bai san yadda aka ƙulla wannan tsari ba zai zaci tun fil azal haka Amurka take, alhali larurar yaƙi ce ta haife shi, dokar haraji ta raine shi, masu cin moriyarsa kuma suka tsaya gadinsa har yau. Zan yi ƙwar huɗu, domin da ita numfashina ya saba.

A 1942 ana tsakiyar yaƙi,
Gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi ga ma'aikaci,
Masana'antu suka rasa abin jawo mai aiki,
Sai suka ce, zo mu ɗauke maka kuɗin magunguna.

A 1954 doka ta yafe wa wannan alheri haraji,
Lafiyar iyali ta rataya a wuyan wurin aiki,
Wanda aka sallama ya rasa albashi ya rasa asibiti,
Shi ya sa da yawa ke haƙuri da aikin da suka tsana.

Shugaba Truman a 1945 ya nemi inshora ta ƙasa,
Ƙungiyar likitoci ta zuba kuɗi don ta rusa,
Ta ce gurguzu ne ya ɓuya a cikinsa,
Shirin ya mutu a majalisa kafin ya ga rana.

Shekara 20 aka yi kafin Shugaba Johnson ya sa hannu,
A 1965 Medicare ta tsofaffi ta samu,
Medicaid ta talakawa ita ma ta kafu,
Katin farko aka ba Truman, yana zaune yana murna.

Clinton ya gwada a 1993, abin ya watse,
Obama a 2010 da ƙyar ya ƙetare,
Inshorar gwamnati mai gasa da kamfanoni aka cire,
Don ƙuri'a 60 a Majalisar Dattawa ita ce magana.

Amma dokar ta hana korar mai tsohon ciwo,
Ɗa na fakewa a inshorar iyaye har shekara 26 ta zo,
A 2017 aka tashi rushe ta, Sanata McCain ya fito,
Ya juya babban yatsa ƙasa, dokar ta zauna.

Ɗana, ka ce Washington ta toshe, ban yi gardama ba,
Amma a Idaho da Utah da Nebraska ba a jira ta ba,
A 2018 aka kaɗa ƙuri'ar faɗaɗa Medicaid, ba a tambayi jam'iyya ba,
Missouri da Oklahoma suka biyo a 2020, duk jihohin Trump ne, ku tuna.

Kanada ma daga lardi ɗaya abin ya faro,
A Saskatchewan, 1962, likitoci suka yi yajin kwana 23 suka dawo,
Cikin shekara 10 sauran larduna duk suka shigo,
Yau a can kati ake nunawa a asibiti, ba a zancen jingina.

Ɗalibi, daga Minneapolis:

Baba, na karɓi darasi da hannu biyu,
Amma tarihin yana da ɗaya fuskar, a faɗi gaskiya.

Jihar Vermont ta ɗauki hanyar Saskatchewan,
A 2014 gwamna ya ga yawan harajin, ya ja da baya.

Colorado ta kai shirin akwatin zaɓe a 2016,
Kusan kashi 79 suka ƙi shi, ba zancen ƙarya.

Mai inshorar wurin aiki yana zagin kamfani,
Ka ce a canza masa ita, sai ya riƙe ta da ƙarfin tsiya.

Ga dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025,
Ta datse kuɗin Medicaid, ta gindaya sharaɗin aiki kafin jinya.

Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta mutum miliyan 10
Za su ƙaru cikin marasa inshora zuwa 2034, ina ci gaban tafiya?

Akanta, daga Chicago:

Tun da Baba da ɗalibi sun kai mu ga maganar haraji, to an shigo fagena, kuma a nan ne nake ganin masu neman sauyi suke yawan faɗuwa, domin sun iya bayyana laifin kamfanoni amma ba su iya bayyana wa ma'aikaci inda kuɗinsa ke zurarewa ba.

Ɗana, ka taɓo inda yake ciwo,
Ba makirci kaɗai ya kayar da Vermont ba.

Ma'aikaci yana ganin abin da aka cire a albashinsa,
Bai ga kason da wurin aikinsa ke zuba masa ba.

Inshorar iyali ta haura dala 25,000 a 2024,
Abin da ya fita a hannunsa bai wuce ɗaya cikin huɗu ba.

Sauran ma guminsa ne aka riƙe tun daga sama,
Ba kyauta ce daga ubangida ba.

Ka ce masa haraji zai maye gurbin wannan,
Ya ji haraji, bai ji sauran zancen ba.

Inda na ga motsi shi ne wajen farashi,
Dokar 2022 ba ta bar masu magani sakaka ba.

Insulin na mai Medicare ya tsaya a dala 35 a wata,
Aka yi cinikin magunguna 10, abin da Medicare ba ta taɓa yi ba.

Da ƙuri'a 51 da 50 dokar ta wuce a Dattawa,
Ba don Kamala Harris ta raba gardama ba, da ba ta kai ba.

To ɗalibi, ga aikin da na ba ka,
Ba baitin zagin kamfani nake nema ba.

Kawo wanda zai sa makanike a Ohio
Ya yarda harajinsa ya ƙaru, bai ji an cuce shi ba.