Hitar ruwa mai aiki da rana: waɗanda suka saka a Sakkwato, ya kuka gani?

Mai tambaya, Arkilla: Assalamu alaikum. Hunturu ya ƙarato, Hajiyarmu kuma ba ta iya alwalar asuba da ruwan sanyi. Ina so in saka mata hitar sola, irin mai bututun gilashi da tanki a sama. Wanda ya saka ya faɗa mini gaskiyar abin da za ta ci, da ko akwai wani rangwame.

Magidanci, Mabera: Wa alaikumus salam. Kuɗin da mai shago zai faɗa maka ba shi ne kuɗin ba. Bayan na biya, sai ga na mai walda, ga bututun da ke jure zafi, ga ladan mai famfo. Lita 200 ta ruwa kilo 200 ce, ban da nauyin tankin, kwanon gidana ba zai ɗauka ba, dole aka yi mata ƙafar ƙarfe. Sannan aka ɗaga babban tankin gida ya fi ta tsawo, don ruwa ya riƙa gangarowa cikinta da kansa. Amma tun da aka gama ba ta ci mini ko sisi na wuta ba.

Uwargida, Runjin Sambo: Yallaɓai, ka duba yawan masu wanka a gidan tukuna. A garin nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ruwan tanki da kansa yake ƙuna, neman na randa ake yi. In don wata uku na sanyi ne kawai, za a daɗe kuɗin bai dawo ba. Mu ta biya mu ne saboda jego. 'Ya'yana biyu sun zo wankan gida a jere, kwana arba'in-arba'in safe da yamma, ka san icen da wannan ke lashewa. Kaka ta dage sai an ƙara tafasa ruwan da darbejiya a tukunya, to amma da zafinsa yake zuwa, ice kaɗan ya isa.

Mai gyaran famfo, Tudun Wada: Uwargida ta yi gaskiya. Ƙari a kai, lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin ƙura. In ba a goge gilashin duk mako ba, ruwan zai tsaya ɗumi-ɗumi. Kada kuma a zuba ruwan sanyi cikin bututun da ya wuni a rana babu ruwa, fashewa yake yi. A cika da sassafe. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana tara farin dutse a ciki, sai an riƙa wankewa.

Malamin makaranta, Gawon Nama: Batun rangwame, ni da kuɗina na saya, ban samu tallafin kowa ba. A Amurka ne dokar 2022 ta taɓa yafe wa mai gida kashi 30 cikin 100 na kuɗin daga harajinsa, shi ma ya ƙare a ƙarshen 2025. Abin da ya tura ni shi ne fetur: tun cire tallafi a Mayun 2023 na daina tada janareto don hitar lantarki, mai jan kilowat ɗaya da rabi zuwa uku. Kafin ka saya, leƙa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun daɗe suna aiki a kan irin waɗannan na'urori.

Mai tambaya, Arkilla: Na gode ƙwarai. Mu shida ne a gidan. Malam mai famfo, lita 150 za ta kai mu asuba da zafinta, ko sai 200?